Shekarar da na aika kaset gida

Kun sha tambayata abin da ya sa ban taɓa kai ku garinmu ba, ni kuwa na sha ba ku amsar da ba amsa ba ce: hanya ba kyau, ruwan can zai ɓata muku ciki, bari sai an yi hutu. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta ce muku rigimar gona ce, don ta rufa mini asiri. Ba gona ba ce. Babu wanda ya ci mini gado, babu wanda ya kore ni. Ni na yi abu da bakina, kuma tunda idona ya fara gajiya da takarda, gara in rubuta muku shi da hannuna kafin wani ya ba ku labarin a zaman makokina, ya ƙara gishiri ko ya rage.

Garinmu yana gefen kwarin Tarka, tafiyar rabin yini a kan jaki daga Belbeji. Gero muke nomawa, da ƴan awaki, kamar kowa. Abin da ya bambanta gidanmu shi ne farin gashi a tsakiyar goshi, wanda ake haihuwar yaro da shi. Kakanmu da ya haƙa rijiyar garin yana da shi, Baba yana da shi, ƙanensa Baffa Idi ma haka. Muna ce masa shaida, kamar wadda makiyaya ke yi wa raƙumansu. Ranar suna, kafin wanzami ya sa aska, sai tsofaffin mata sun leƙa goshin jariri. In akwai shaida a yi guɗa, a ce albarkar Kaka ta sauka. Ni ne ɗan fari, kuma ni aka haifa da kai baƙi ƙirin. Babu wanda ya taɓa zagina a kan haka, wasa ne kawai ake yi, a ce a kasuwar Belbeji aka tsinto ni. Amma wasan da aka yi wa yaro shekara goma ya daina zama wasa a cikinsa. Ƙanena Sanusi ya zo da tasa shaida fara tas, faɗin yatsa biyu, mutane na shafa kansa a hanya. Sai kuma Gwaggo Delu, ƙanwar su Baba, mai shaida da ido ɗaya fari-fari kamar na mage. Ita kurma ce tun haihuwa, da hannu ake magana da ita, kuma ba mu taɓa haɗa kurumtarta da gashinta ba.

Da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, ni Baba ya bayar. Tun daga nan ya koma kirana Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal, don dama ba ya faɗin sunan ɗan fari. Ba zan gajiyar da ku da jerin makarantu ba. Daga Tanut na je Damagaram, daga can Yamai, har na tsinci kaina a Faransa, a wani ɗakin bincike da ke hawa na uku, inda aikina shi ne ɓeraye. Da na faɗa wa Inna haka a hutuna na farko, sai da ta ajiye ludayi.

“Duk karatun nan, ashe ɓera ka je kamawa? Ai ga su nan cike da rumbu, da ka zauna gida.”

Ina son aikin nan, kuma ba zan ɓoye muku ba don abin da ya biyo baya. Da yamma a haɗa ɓera mace da namiji, da safe in duba in ga an yi barbara, daga ranar in fara ƙirga kwanaki. Kwana tara da rabi, ko goma da rabi, sai in buɗe cikin uwar in ciro ƴan tayin, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, a lanƙwashe, ana hango ciki ta fatarsa. Abin da muke nema shi ne wannan. Kowace ƙwaya ta jiki tana ɗauke da dukan gadon da aka samo daga uwa da uba, amma ba duka ke aiki lokaci guda ba. Akwai wasu ƙwayoyin gado da ba sa gina komai da kansu, aikinsu tada sauran ne, kamar mai kiran gayya: su ce wa waɗannan ku fara, waɗancan ku dakata, nan za a yi ido, can za a yi haƙarƙari. Muna son mu san kowace a ina take magana a jikin tayin, kuma a wace rana. Sai in jiƙa tayin a ruwan magani kala-kala, in wanke, in sake jiƙawa, kwana uku ana abu ɗaya, a ƙarshe duk inda wannan ƙwayar gado ke aiki sai ya rine ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a ruwan baba na marina. Ƙwayar gadon da aka ba ni in bi, sunanta Pax3. Ranar da na fara ganinta a madubin ƙara girman abu na kasa tashi daga kujera: layi biyu shuɗi sun bi bayan tayin tun daga kai har wutsiya, daidai inda bayan ke rufewa, da ƴan ɗigo a jere a kowane gefe. Kwana ɗaya gaba, sai ka ga shuɗin ya fara yaɗuwa daga layin zuwa wasu wurare. Daga cikin ƙwayoyin da ke barin wannan layi ake samun masu ba fata da gashi launi, wasu kuma su shige cikin kunne. Na yi tasbihi a wurin, ni da ba na cika yi ba a lokacin.

Muna da wasu ɓeraye da wannan ƙwaya ta samu tangarɗa a jikinsu. Wanda ya gaji tangarɗar daga gefe ɗaya lafiyarsa lau, sai dai farin tabo a cikinsa. Amma in aka haɗa mai tabo da mai tabo, cikin ƴan tayi huɗu sai ka sami kamar ɗaya ya gada daga gefe biyu. Shi wannan bayansa ba ya rufewa, wani lokaci har kansa, kuma yana mutuwa tun a ciki. Na ciro irinsu da hannuna ba adadi, in ɗauki hoto, in rubuta a littafi, in tafi cin abincin rana.

Shugabar ɗakin wata Bafaranshiya ce mai kaifin baki da kirki, Madam muke ce mata. Wata safiya ta shigo da takarda a hannu tana murna, ta tara mu, ta ce an gano cewa ƙwayar da muke bi ita ce ke bayan wani ciwo na mutane. Ta ajiye hoton wani iyali a kan tebur. Turawa ne, uwa da ƴaƴa, amma ni gidanmu na gani. Ga farin gashi a goshi, ga yarinya mai ido kala biyu, an rubuta a ƙasa cewa kurma ce. Sauran suna ta surutu, ni na koma wurin madubina na zauna ina kallon tayin da na ciro da safen nan, mai buɗaɗɗen baya. Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tsoro ya kama ni, gaskiya ne, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan daɗi. Yaron da aka tsinto a kasuwar Belbeji ne ya fita lafiya.

Ba a yi wata biyu ba kaset ya iso daga gida. A wancan zamani da kaset muke wasiƙa, tunda ba mai karatu a gidan. Baba yana da rediyo mai cin kaset, a sa masa pil, wato batir, kowa ya zo ya yi magana a ciki, a ba wani mai tafiya. Na sa shi a ɗakina na ji muryoyinsu da kukan awaki a baya. Baba ya yi gaisuwa ya ba ni labarin damina. Sai Baffa Idi ya karɓa yana dariya.

“Mushe, albishirinka. Mun ba ƙanenka Habsu. In an kai amfanin gona gida za a ɗaura. Shaida da shaida ke nan, ka ga ƴaƴansu sai dai a rufe ido.”

Habsu ƴar Baffa Idi ce. Ba haɗin iyaye ba ne kawai, kowa ya san ita da Sanusi suna son juna tun suna kai awaki rijiya tare. Yarinya ce mai dariya da yawa, kuma ita ta fi kowa iya maganar hannu da Gwaggo Delu. A ƙarshen kaset ɗin aka matsa mata ta gaishe ni, ta ce “Yaya, ina wuni,” ta fashe da dariya ta gudu.

Washegari na sami Madam na faɗa mata komai. Ta saurare ni har na gama, sannan ta cire tabarau.

“Wataƙila shi ne,” in ji ta. “Wataƙila kuma wata ƙwayar ce daban, sai an gwada jini za a sani. Ko da shi ne, mutum ba ɓera ba ne, ba mu san yadda abin zai zo a jikin ɗan Adam ba. Kuma ka sani, ko wa ƙanenka ya aura, yana iya haifar kurma. Ka tafi gida ka zauna da su. Wannan ba maganar aike ba ce.”

Ban tafi ba. Ina da ɓeraye da aka riga aka haɗa, kwanakinsu na tafiya, in na bar su aikin wata shida ya lalace, kuma Madam ta yi mini alkawarin sunana zai fito a takardar da za a buga. Na ce wa kaina hanya da nisa, lokaci ya ƙure. Na sayi kaset sabo na zauna a bakin gado. Na san Sanusi, taurin kai gare shi, in ya ji kalmar wataƙila sau ɗaya zai kama ta ya riƙe. Saboda haka na cire ta. Duk wataƙilar da Madam ta ba ni, ban sa ko ɗaya a ciki ba. Da na gama na rubuta a bayan kaset ɗin da Faransanci cewa na Sanusi ne shi kaɗai, na ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Damagaram. Ku duba wautar mai diplom. Na yi rubutu ga gidan da ba mai karatu, a kan kaset da rediyo ɗaya ne tak zai iya ci a garin, shi ma yana ɗakin Baba a ƙarƙashin mayafi.

Inna ce ta ba ni labarin ranar, daga baya. A gidanmu kaset ɗin matafiyi kamar shi kansa matafiyin ne ya zo. Bayan la'asar aka share tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka aika gidan Baffa, maƙwabta suka shigo, har da limamin gari. Habsu na can baya wajen turmi tare da ƙawayenta, tana kunyar surukai. Aka danna. Na yi sallama, suka amsa gaba ɗaya. Na gaida Baba, na gaida Inna, na gaida Baffa da mutanen gidansa, na bi kowa da sunansa, ana amsawa. Wanda ya yi niyyar magana da mutum ɗaya ba ya gaida gari, na sani. Na daɗe ina cewa bakina ne ya saba, amma ban ƙara yarda da wannan ba. Da na gama gaisuwa sai na ce yanzu kowa ya ba ni wuri da Sanusi. Aka yi dariya, aka ɗauka huɗubar wa ce ga ango, mata suka ƙara matsowa. Ga abin da suka ji, ban manta ko kalma ɗaya ba.

“Sanusi, shaidar gidanmu ba albarka ba ce, ciwo ne. Shi ya toshe kunnen Gwaggo. Irinsa ne a jikin ɓerayen da nake aiki da su, su a ciki tabon yake fito musu. In mai shaida ya auri mai shaida, cikin ƴaƴa huɗu ɗaya zai zo da baya a buɗe, ya mutu tun a ciki. Na gani da idona ba sau ɗaya ba. Kada ka auri Habsu.”

Inna ta ce Sanusi ya miƙa hannu zai kashe tun a kalmar ciwo, Baba ya riƙe hannunsa ya ce ba a katse babba yana magana. Suka zauna na yi ta bayani, ina ta maimaita ɓera, ɓera, har kaset ya ƙare da kansa. Gwaggo Delu ce kaɗai ke murmushi tana bin fuskoki da ido, tana taɓa na kusa da ita tana tambaya da hannu me na ce. Ba wanda ya juya ya gaya mata.

Baffa Idi ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce wa Baba, “Yaya, ɗanka ya ce ƴata ɓera ce, a gaban liman.” Ya fita. Amma ba fushin Baffa ne ya kashe auren ba, da an ba shi haƙuri sati biyu ya sauko. Sanusi ma ya rantse ba zai fasa ba, ya ce hassada ce ta wanda aka haifa ba shaida, kuma rabin gari suka yarda da shi. Mutum ɗaya ne ya gaskata ni ɗari bisa ɗari, ita ce Habsu. Ta ce Yaya ya yi karatu, ba zai yi mata ƙarya ba, kuma ba za ta ɗauki cikin da zai ruɓe a jikinta ba. Aka yi lallashi, aka kawo liman, Sanusi ya yi kwana da kwanaki yana zarya ƙofar gidansu. Ta ƙi fitowa. Kafin a gama sussukar gero labari ya bi rijiyoyi har ƙauyukan da ba su san sunana ba. Ƴan matan gidanmu da ake layi a kansu suka koma ɗaura kallabi har gira, wasu na shafa baƙin tukunya a goshi. An fasa neman biyu daga cikinsu a wannan shekarar.

Ni ina can ban san komai ba. Kaset bai sake zuwa ba. Takarda ta fito da sunana a tsakiyar sunaye, na sayi kwafi na ajiye, kuna ganinta a akwatina. Sai da shekara ta zagayo na zo hutu. Na sauka daga mota a Belbeji, mai shayin da ya san ni tun ina yaro ya amsa gaisuwata yana kallon butarsa. A gida Inna ta kawo mini ruwa ta koma ɗaki. Sanusi ya bar gari tun da ya ji ina hanya. Baba ya kira ni zaure bayan azahar, ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, abin da ban taɓa ganin ya yi a gabana ba.

“Mushe, abu ɗaya zan tambaye ka. Wannan jariri mai buɗaɗɗen baya, ka gan shi a mutum?”

“A ɓera na gani, Baba.”

“Na ji. A mutum fa?”

“Ban gani ba.”

“To, an gwada jinin gidan nan?”

“Ba a gwada ba.”

Ya daɗe yana juya hular. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi, don ina da bakin ramawa, kun san ni.

“Mu jahilai ne,” ya ce. “In ɗayanmu ya ga hadari a gabas, cewa yake wataƙila a yi ruwa. Na ɗauka abin da ake koya muku can ke nan, ku san iyakar abin da kuka sani.”

Na je gidan Baffa in ba da haƙuri, bai fito ba. Habsu ce ta fito, da kallabi har gira, ta durƙusa ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Ta rame. Ta yi mini godiya, wannan ne ya fi komai ciwo, ta ce na cece ta. Da na yi shiru na tafi, da ta ci gaba da zama da wannan. Amma maganar Baba na cina, sai na ga kamar gaskiya ce za ta wanke ni. Na ce mata abin ba tabbas ba ne, wataƙila ne, ba a gwada ba, mutum ba ɓera ba ne. Ta ɗago ta dube ni.

“Yaya, wannan maganar ba ta cikin kaset.”

“Ba ta ciki.”

“Mantawa ka yi?”

Na ce a'a. Ta gyara kallabinta ta shiga gida. Lokacin an riga an sa ranar Sanusi da wata yarinya daga Falanko, wadda ya nema cikin fushi, daga garin da labari bai kai ba.

Sauran shekarun kun san wasu. Na bar Faransa na dawo koyarwa a Damagaram, ban ƙara taɓa ɓera ba. Baba ya rasu, na je na yi kwana uku kamar baƙo, da Inna ta rasu ma haka. Ƴar Sanusi ta biyu, Zuwera, ta zo da shaida, kuma da ta shekara aka gane ba ta ji. Ba wanda ya yi guɗa ranar sunanta, an riga an daina. Wasu suka ce ashe Mushe ya yi gaskiya, wasu suka ce bakina ne ya kama yarinyar. Ni na san ba ɗaya daga ciki da yake daidai. Ban hana kurumta shiga gidan Sanusi ba, tunda shi kaɗai ya isa ya ba da ita, Madam ta faɗa mini tun farko. Daga baya ma na karanta cewa akwai wasu ƙwayoyin gado daban da ke kawo irin wannan gashi da irin wannan kunne, har yau ban san wacce ce tamu ba. Habsu ba ta yi aure ba. Da farko ba mai nema, daga baya ita ta ƙi. Uwar Zuwera ta kasa gane yarinyar, tana dukanta don ba ta amsa kira, sai Habsu ta roƙa a ba ta. Ita ta raine ta, ta koya mata maganar hannu irin ta Gwaggo Delu, ita ta aurar da ita. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Sanusi, haka suka tsufa suna gaisawa da safe kamar kowane maƙwabta.

Bara Sanusi ya rasu, kun tuna na tafi ni kaɗai na ce muku ba wuri a mota. Bai yi mini magana ba tun daga kaset, ko a jana'izar iyayenmu hannu kawai yake ba ni. Na tafi da wani abu a raina. Yanzu ana iya gwajin da ba a iya yi da sauƙi a da, ɗan jini kaɗan ne, kuma ina da tsohon ɗalibi a waje da zai karɓa. Na riga na makara da Sanusi, amma ga Zuwera ƴarsa, ga Habsu. Na ce ko ba komai a san gaskiya kafin mu ma mu bi shi. Ranar sadakar uku da hantsi na sami Habsu a tsakar gidanta tana tsince wake, Zuwera na gefe tana ba jaririnta nono. Zuwera mace ce kyakkyawa mai fara'a, ta gaishe ni da hannu, ta ce wa Habsu wani abu da yatsu suka yi dariya tare. Habsu ta ce wai cewa ta yi hancina irin na babanta ne. Na zauna a kan turmi na yi wa Habsu bayanin gwajin a hankali, na sa kowace wataƙila a wurinta. Ta bar ni na gama, ba ta daina tsintar waken ba.

“In an gwada, sai a yi me?”

“Sai mu sani, Habsu.”

“Kai ne za ka sani. In aka ce ka yi daidai, ka sami barci. In aka ce ka yi kuskure, ni ce zan kwana da shi.” Ta nuna Zuwera da haɓa. “Irin wannan ka hana ni haifa?”

“Ba irinta ba. Wanda ya fi haka muni nake tsoro.”

“Cikin huɗu ɗaya, ka ce. Na daɗe ina ƙirgawa, Yaya. Saura uku. Da ka zo da ƙafarka ka zauna nan ka faɗa mini, da ni da shi mun zaɓa, ko mu yi ko mu bari. Da na binne ɗaya na goya uku, ai mata na binnewa.”

Ta zuba waken a ƙwarya ta miƙe, gwiwarta na ƙara.

“Na wuce haihuwa, shi kuma yana ƙasa. Ka bar jinin nan inda yake.”

Na dawo da kwalaben gwajin a aljihuna ba komai a ciki. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don na ga roƙon ma wani kaya ne zan ɗora mata. Ku ba ku da shaida, ƴaƴanku ma ba za su samu daga wajena ba, kuna iya rayuwarku ba tare da kun taka kwarin Tarka ba. Amma in kun je, ku fara da gidanta. Kada ku kare ni, kada ku yi mata bayanin abin da nake nufi, ta fi ku sani. Ku gaishe ta, ku zauna in ta ba ku tabarma. In ta tambayi ƴaƴan wa ne, ku faɗa mata gaskiya, in ta tashi ta shiga ɗaki kada ku bi ta.